Taya ɗaya za ta iya kwalta da burji, ko sai an yi biyu?

Mai_Feda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tayoyin kekena sun suɗe, ta bayan har zare ya fara leƙowa, kuma na rasa wacce zan saya. Keke ɗaya gare ni, aiki uku yake yi mini: zuwa wurin aiki a kan kwalta mai ramuka da fasassun kwalabe, motsa jiki da sassafe a titi mai kyau, sai ƙarshen mako in bi abokai mu shiga burji, wani lokaci har da yashi. Wani abokina ya ce in sa mai manyan haƙora irin ta keken dutse in huta, wai ta fi ƙarfi kuma ba ta faci. Wani kuma ya ce siririya marar zane ita ce taya, sauran duk wahala ce. A jikin tsohuwar an rubuta 700x35C, a gefe kuma 37-622. Masana, ina mafita?

Sarkin_Faci:
Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga haƙora, riƙe lambar nan ta biyu, 37-622, don ita ce ba ta ƙarya. 37 kaurin tayar ne da milimita. 622 kuma faɗin gargaren ne, daidai inda leɓen taya yake zama. Ta farkon kana iya ƙarawa ko ragewa gwargwadon abin da kekenka zai ɗauka, ta biyun kuwa ba a taɓa ta. Duk tayar da ba 622 ba, ko dai ta ƙi shiga, ko ta shiga ta kuma fita da kanta a lokacin da ba ka shirya ba.

Ƙafa_Biyu:
Malam Sarkin_Faci, ni tawa 28 aka rubuta. Ba ita ce 700 ɗin ba?

Sarkin_Faci:
Wani lokaci ita ce, wani lokaci ba ita ba ce. Idan ka ga 28 x 1 5/8 x 1 3/8, to 622 ce. Amma 28 x 1 1/2, ta tsofaffin baƙaƙen kekunan nan masu burkin sanda, 635 ce. Milimita 13 ne a tsakani, kuma ya isa ya ɓata maka yini. Lissafin inci ya rikice tun tuni. Tsohuwar 27 x 1 1/4 gargarenta 630 ne, alhali 29 ta keken dutse 622 ce, ka ga 27 ta fi 29 girman gargare ke nan. 27.5 ita ce 584. Ita kuwa 26 ta fi kowa rikici: ta keken dutse 559, ta wasu tsofaffin kekunan gari 590. Ka duƙa ka duba gefen tayar da kyau, lambar tana nan ko da ƙura ta rufe ta.

Ɗan_Gangara:
Ni dai ina bayan abokinka na farko. Sa mai haƙora ka wuce wurin. Tun da na koma irinta ban ƙara jin tsoron wata hanya ba, kwalta ce, burji ne, taɓo ne, duk ɗaya.

Yar_Tsere:
@Ɗan_Gangara ba duk ɗaya ba ne, Yaya. Ɗauki tayar taka ka duba tsakanin haƙori da haƙori. Robar wurin siririya ce, kuma nan ƙaya take shiga, ba ta neman kan haƙori. Abin da ke tare ƙusa da kwalba shi ne shimfiɗar kariya da ake sakawa a ƙarƙashin robar, ba ka ganinta daga waje. Akwai taya sumul mai wannan kariyar, akwai mai haƙora zaƙo-zaƙo da ba ta da ita ko kaɗan. Aikin haƙora ɗaya ne: su nutse cikin ƙasa mai laushi su kama. A kwalta ina za su nutse? Sai dai su riƙa lanƙwashewa suna cin ƙarfinka, ga gurnanin nan da ke bin ka duk hanya, ga saurin cinyewa. Mafi muni a kwana ne: idan ka kwantar da keke, haƙoran gefe ne kaɗai ke taɓa titi, sai ka ji tayar tana rawa a ƙarƙashinka.

Ɗan_Gangara:
Gurnanin ai shi ne daɗin. Mutane na jin zuwanka tun daga nesa, ba sai ka kaɗa ƙararrawa ba.

Shiru_Shiru:
Hhhh. Wato ƙararrawa ka saya, ba taya ba.

Ummu_Sirdi:
Tambayata a nan: marar zanen nan idan an yi ruwa fa? Ni ganinta kawai nake yi gabana ya faɗi. A mota ai suɗaɗɗiyar taya a jiƙaƙƙen titi hatsari ce.

Injiniya_B:
Hajiya, tsoronki a mota daidai ne, amma keke daban. Tayar mota faffaɗa ce, ƙasanta a shafe, iskar cikinta ba ta kai ta keken titi ba, ga kuma gudu. Idan ruwa ya taru a gabanta bai samu mafita ba sai ya ɗaga ta, shi ya sa ake yanka mata magudanai. Tayar keke siririya ce kuma bayanta a zagaye yake, tana raba ruwa biyu da kanta. Babu gudun da ƙafar mutum za ta yi har ruwa ya ɗaga ta. Abin da ke riƙe ki a jiƙaƙƙiyar kwalta shi ne irin haɗin robar da kuma yawan robar da ke taɓa ƙasa. Mai laushi ta fi kamu amma ta fi saurin ƙarewa, mai tauri ta fi daɗewa amma ta fi santsi.

Abubuwan da ke kayar da mutum da damina kuwa su ne farin fentin titi, murfin kwalbati na ƙarfe, man da motoci suka zubar, da yashin da ruwa ya kwaso ya baje a kwana. A kan waɗannan babu zanen da zai cece ki, sai rage gudu da tsayar da keke tsaye.

Sai dai a bambance: wadda aka ƙera ba zane daban, wadda ta suɗe daban. Ta biyun robarta ce ta ƙare.

Tsohon_Mahayi:
Yara, bari in sa baki. Lokacin da muke tsere, taya mai kaurin milimita 23 muke sawa, wasu ma 20, mu ɗura iska har bar 8 (bar ma'aunin ƙarfin iskar taya ne), ka ƙwanƙwasa taya ka ji tana amsawa. Siririya mai tauri ita ce gudu. Wannan yayin na kumbura-kumburan tayoyi dabarar 'yan kasuwa ce kawai. Mai_Feda, in kana son motsa jikin safen nan ya yi armashi, sauko 25.

Injiniya_B:
Baba, a yi mini afuwa, zan ɗan ja da ku. Abu biyu ke cin ƙarfin mahayi a taya. Na farko, lanƙwashewar da take yi a duk juyi: inda ta taɓa ƙasa sai ta baje, ta tashi ta koma, kuma wani ƙarfi yana salwanta a nan ya zama zafi. Idan iskar ɗaya ce, faffaɗar taya sawunta gajere ne mai faɗi, siririya kuma nata dogo ne, don haka siririyar ta fi lanƙwashewa. Na biyu shi ne jijjiga. Taya mai tauri ba ta haɗiye tsakuwa, sai ta ɗaga keke da mahayi gaba ɗaya a kan kowane ɗan tudu, kuma ƙafarka ce ke biyan kuɗin ɗagawar. A filin tsere na katako mai sulɓi, iska mai yawa tana da riba. A titin da mutane ke bi, akwai iyakar da in ka wuce ta ƙarin iska rage maka gudu yake yi.

Abin da ke ruɗar mu shi ne jiki yana ɗaukar jijjiga a matsayin gudu. Idan hannu na karkarwa sai ka ji kamar tashi kake yi. Agogo kuma abin da yake faɗa daban.

Tsohon_Mahayi:
Agogon wa? Ni ƙafata ce agogona.

Yar_Tsere:
Baba, to ku dubi waɗanda abincinsu ke nan. 'Yan Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, sun bar 23 sun koma 25, yanzu 28 zuwa 30 ne ya zama ruwan dare. A tseren Paris-Roubaix, inda ake bi ta kan duwatsun daɓe, 32 ma ake sawa. Mutanen da ke auna komai har nauyin kwalbar ruwa ba za su ɗauki abin da zai rage musu gudu don daɗin zama ba.

Dogo622:
A yi adalci dai. Baba yana da gaskiya ta wani ɓangare. Faffaɗar taya ta fi nauyi, kuma idan ta fi gargare faɗi sosai tana kama iskar gaba. 'Yan tseren da kike magana gargarensu ma an faɗaɗa shi ne don ya dace da tayar. Sai dai wannan lissafin na mai gudun kilomita 40 a awa ne. Mai zuwa aiki da jaka a baya bai kai inda zai ji bambancin ba, amma ramin titi zai ji shi a ƙugu.

Mai_Feda:
Na gode ƙwarai. To maganar iskar, a gefen tayata an rubuta 85 psi, wato ma'aunin ƙarfin iska, kuma ni kullum nan nake kai ta. Ba haka ake yi ba?

Sarkin_Faci:
Wancan iyaka ce aka gaya maka kada ka wuce, ba umarni ba ne. 85 psi kusan bar 6 ke nan, tunda bar ɗaya psi 14.5 ne. Ga taya mai kauri 37 da mutum matsakaici, ya yi yawa. Fara daga wajen bar 3.5 a baya, gaba ka rage kaɗan tunda nauyinka baya ya fi sauka. In kai mai jiki ne ko kana ɗora kaya a kariya, ƙara. In za ka shiga burji, rage. Mai 28 yakan zauna wajen bar 5, mai keken dutse marar tub kuma ƙasa da bar 2. Duk waɗannan wurin farawa ne, sauran gwaji. Amma ka nemi famfo mai geji, don babban yatsa da zarar taya ta ɗan yi tauri komai ɗaya yake ji.

Ƙafa_Biyu:
Ni da na rage iska faci ya dame ni. Ina hawa bakin kwalbati sai fuss.

Sarkin_Faci:
Ka rage fiye da kima ne. Ciro tub ɗin ka duba, na tabbata huda biyu za ka gani a jere, kamar saran maciji. Gargare ne ya danne tub a kan bakin siminti ya tsaga shi ta gefe biyu. Wannan ba laifin taya ba ne.

Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da nake gaya wa duk mai kawo mini aiki, domin rabin masu cewa tayarsu ba ta da kyau ba tayar ce matsalarsu ba. Idan za ka ɗaura taya, daidaita tambarin da ke gefenta da bawul. Ranar da aka yi faci, ka hura tub ka gano hudar, ka auna nisanta daga bawul, sai ka je daidai wurin a jikin taya. In hudar tana bayan tub, wajen titi, wani abu ne ya shiga, kuma sau da yawa yana nan maƙale. Ɗan siririn waya ko ƙwayar kwalba ba ka ganinsu da ido sai ka lanƙwasa tayar a gaban haske, bakin ramin ya buɗe. Kada ka shafa da yatsa tsirara, sa ɗan ƙyalle ko auduga, inda ya saƙale nan ɓarawon yake. In kuwa hudar tana cikin tub, wajen gargare, to tef ɗin da ke rufe ramukan sifok ne ya goce ko ya tsufa. Sai ka sayi taya goma a banza in ba ka canza shi ba. In a gindin bawul take, an yi tafiya da taya saɓa-saɓa ne har tub ya ja.

Ummu_Sirdi:
Allah ya saka da alheri, Malam, wannan na auduga ban taɓa ji ba. Ni dai ga mai zuwa aiki shawarata ita ce taya mai kariya mai kauri. Schwalbe Marathon Plus nake hawa, akwai shimfiɗar roba ta milimita 5 a ƙarƙashinta, ƙusar allo ma ba ta kai ga tub. Ga farin layi a gefe da ke ƙyalli idan fitilar mota ta haske shi, wanda ga mai dawowa bayan magariba ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ake jira a ofis da ƙarfe takwas ba gudu ne damuwarsa ba, isa ne. Zama a bakin titi da baƙin hannu da kayan aiki a jiki, wanda bai taɓa ba ba zai gane ba.

Yar_Tsere:
Gaskiya ne Hajiya, amma a gaya wa Mai_Feda ɗaya gefen. Duk tayoyin da ke wannan aji nauyi gare su, guda ɗaya takan doshi kilo, kuma gefensu da tauri. Hawan safen da yake yi don nishaɗi zai ji keken ya mutu a ƙarƙashinsa. Akwai na tsakiya, irin su Continental Gatorskin ko Marathon ɗin da ba Plus ba, kariya daidai gwargwado ba tare da nauyin ya kai haka ba. A can ɗaya ƙarshen kuma akwai su Grand Prix 5000, daɗi kamar me, amma ba don hanyar kwalabe aka yi su ba.

MaiKoyo:
Don Allah mene ne TPI? Na ga wata 60, wata 120. Mai yawan ita ce mai ƙarfi?

Dogo622:
Yawan zaren da ke cikin inci ɗaya na saƙar jikin tayar ne. Mai 120 zarenta sirara ne, roba kaɗan, don haka ta fi laushi da sauƙin nauyi, tana bin ƙasa da kyau. Mai 60 zarenta ya fi kauri, ta fi jure yanka da gurzar dutse. Ka ga yawan lamba ba ƙarfi ba ne. Na tsere na auduga har 320 suke kaiwa. A yi hattara kuma, wasu kamfanoni suna tara lissafin shimfiɗa uku su rubuta jimla, sai lambar ta yi girma. Wani abin da za ka gani shi ne leɓe: akwai na waya, wanda ba ya naɗewa, ya fi nauyi kuma ya fi sauƙin kuɗi, akwai na zaren Kevlar da ake naɗe shi a sa a jaka. A tafiya bambancinsu nauyi ne kawai.

Ɗan_Gangara:
Duk wannan surutun na faci, ku cire tub ku huta mana. Tublas. Ka zuba ruwan faci a ciki, ƙaya ta shiga, ruwan ya toshe, kai ba ka ma sani ba. Ranar da na cire tsohuwar tayata na ga ƙayoyi jere a ciki, ko ɗaya ba ta tsayar da ni ba. Kuma babu tub ɗin da gargare zai danne, sai ka rage iska yadda kake so.

Yar_Tsere:
Yau dai mun haɗu a abu ɗaya, Yaya.

Sarkin_Faci:
A daji na yarda ɗari bisa ɗari. Tun 1999 da kamfanin Mavic ya fito da tsarin UST na taya marar tub masu keken dutse suke komawa can, kuma da dalili: taya babba, iska kaɗan, ruwan yana samun sukunin toshe rami. Amma a faɗa wa mutum abin da zai ɗauka. Sai gargaren ya zama wanda aka yi don haka, tayar ma haka, ga tef ɗin toshe ramuka na musamman, ga bawul nasa. Ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, a wuri mai zafi ma ya fi sauri, sai an riƙa ƙarawa. Ɗaurawar farko wani lokaci sai da iska mai ƙarfi leɓen ke hawa. In yankan ya yi girma sai an cusa masa toshiya, in ta ƙi, tub ɗin da ka guda shi za ka saka, hannunka duk danƙo. Wanda ya san ba ya duba kekensa sai ya lalace, ya zauna a tub.

Injiniya_B:
Ƙari a kan na Malam, don wannan maganar rai ce. Akwai sababbin gargare marasa ƙugiya a baki, gefensu a miƙe yake. Su ƙa'idarsu kada iska ta wuce bar 5, wato psi 72.5, kuma sai tayar da aka amince da ita a kansu. Kada wani ya karanta hirar nan ya je ya cire tub daga tsohon gargare ya ɗura masa bar 7.

Tsohon_Mahayi:
Tub ya yi wa duniya hidima fiye da shekara ɗari, ba yau za ku kore shi ba. Ko kun san likitan dabbobi ne ya kawo mana wannan jin daɗin? John Boyd Dunlop, a Belfast, 1888, keken ɗansa mai ƙafa uku ya yi wa tayar iska. Kafin nan roba ce dunƙulalliya. Daga baya aka gano Robert Thomson ya riga shi rajistar dabarar tun 1845. Sai Michelin suka kawo wadda ake cirewa a gyara a 1891, a shekarar Charles Terront ya ci tseren Paris-Brest-Paris a kanta.

Shiru_Shiru:
Baba, ashe tun 1888 aka gane taushi ya fi tauri, ku ne kuka koma bar 8.

Tsohon_Mahayi:
Yaro, za mu haɗu a hawa.

Mai_Kula:
Jama'a a dawo kan tambaya. Bawan Allah yana da keke ɗaya, hanya uku. Har yanzu ba wanda ya ce masa ga abin da zai saya.

Dogo622:
To ni zan faɗa. Tayar tsakuwa, wadda ake yi wa kekunan gravel, kauri 38 zuwa 40. Tsakiyarta sumul ko ƙananan zane a matse, gefenta 'yan ƙananan haƙora. A kwalta kana tafiya a kan tsakiyar, shiru. A burji ka rage iska, in ka kwanta a kwana haƙoran gefe su kama. Panaracer GravelKing tana da iri-iri daga marar zane har mai haƙora, Schwalbe G-One ma haka. Nemi nau'in da aka ƙara wa kariya saboda kwalaben hanyar aiki.

Amma kafin ka saya, auna. Duba tazarar da ke tsakanin tayar yanzu da ƙarfen keke a wuri uku: ƙarƙashin fok, bayan sirdi inda burki yake, da ƙasa kusa da feda inda ƙarafa biyu suka rungumi taya, nan ne ya fi matsewa. Sa makullin alan a ramin ka ga lamba nawa ke wucewa. Bayan ka sa sabuwar, a bar aƙalla milimita 4 zuwa 6 kowane gefe, don taɓo da tsakuwa su samu hanya. In akwai madigadi, shi ma yana cin nasa. Kuma lambar da ke jikin taya ba alkawari ba ce: a faffaɗan gargare 38 takan buɗe ta zama 40.

Ɗan_Gangara:
Irin wannan tayar ba ta nan ba ta can. A taɓo ƙananan zanen cikewa suke yi nan take, ta koma sumul. Taɓo sai dogayen haƙora masu tazara da ke zubar da shi. Kuma mu a gangara ko gaba da baya ba iri ɗaya muke sawa ba. Gaba mai kamun kwana da roba mai laushi, baya mai kamun burki da ta fi tauri. Shi ya sa za ka ga Maxxis Minion DHF a gaba, DHR II a baya. In akwai duwatsu masu kaifi kuma, kaurin gefen taya ya fi zanen muhimmanci.

Yar_Tsere:
Yaya, mutumin 37 ce a kekensa. Tayar inci 2.4 ta ina za ta shiga? Burji ya ce, bai ce zai faɗo daga kan dutse ba.

Ummu_Sirdi:
Yashin da ya ambata fa? Ba wanda ya taɓa shi.

Injiniya_B:
Yashi faɗi yake so da ƙarancin iska, ba haƙora ba, domin so ake taya ta yi iyo a sama, haƙora kuwa tona suke yi. In ɗan shafi ne a kan ƙasa mai tauri, 40 da aka rage wa iska za ta wuce: giya mai sauƙi, nauyi a baya, kada ka daina feda, kada ka murɗa kai da ƙarfi. In rairayi ne mai zurfi, wannan aikin kekunan nan ne masu tayar inci 4. Da 40 sauka za ka yi ka tura, kowace iri ka saya.

Gwanin_Hawa:
Ni na daina neman taya mai yin komai. Ƙafafu biyu na ajiye, wato gargare saiti biyu: ɗaya da 30 marar zane, ɗaya da 40 mai haƙora. Ranar daji in zare in saka, minti kaɗan. Kuɗi ne a farko, amma kowace taya tana cinyewa ne a inda aka yi ta domin shi, don haka duka biyun suna daɗewa.

Ƙafa_Biyu:
Wannan shawarar masu hali ce, ranka ya daɗe. Kuma in burkin faifai ne sai ka yi ta daidaita shi duk canji.

Gwanin_Hawa:
Ana sa 'yan siraran zobban ƙarfe a bayan faifan su zo daidai, sau ɗaya ne. Maganar hali kuma ban musa ba.

Mai_Feda:
Na je na auna kamar yadda Dogo622 ya ce. Sama akwai wuri sosai, amma ƙasa kusa da feda makulli mai lamba 6 ne ke wucewa da ƙyar. Ina ga 40 za ta matse, 38 za ta shiga. Zuciyata ta rabu tsakanin shawarar Hajiya da ta Dogo. Wata tambayar: tunda ta gaban ba ta mutu sosai ba, in sayi ɗaya kawai in sa a baya?

Sarkin_Faci:
In ɗaya za ka saya, sabuwar gaba za ta, ta gaban ta koma baya. Ta baya ce ke saurin cinyewa, gaskiya, amma in ta baya ta fashe ko ta zame yawanci kana iya riƙe keke. In ta gaba ce, ƙasa za ka ji ka. Sai dai duba ta tukuna: in gefenta ya yi tsage-tsage saboda rana, ko bayanta ya baje ya daina zagaye, ko akwai kumburi, ta gama aiki. Wasu tayoyin, kamar na Continental, suna da 'yan ramuka biyu a bayansu, ranar da suka shafe an kai iyaka. Ka kula da kibiyar da ke nuna wajen juyawa lokacin ɗaurawa, kuma tub ɗin ya zama wanda aka rubuta 38 a cikin iyakarsa.

Ummu_Sirdi:
Ai kana iya raba gardamar: mai kariya mai kauri a baya, inda nauyi yake kuma cirewa ta fi wahala, ta Dogo a gaba.

Yar_Tsere:
Zai yi aiki, amma nauyin da muke gudu yana nan a baya. Ni da ni ce, tayar tsakuwa gaba da baya, in gargaren ya yarda a cire tub.

Tsohon_Mahayi:
Ni har yanzu 25 na ce.

MaiKoyo:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Tub ɗin da na samu siririn bawul gare shi, mai ɗan kai da ake murɗawa, ramin gargarena kuma na mai kauri ne irin na mota. Zan iya sawa haka?

Sarkin_Faci:
Siririn shi ne Presta, mai kaurin Schrader. Zai shiga, amma zai riƙa wasa a ramin har bakin ƙarfe ya ci gindinsa. Akwai ɗan zobe da ake sawa ya cike tazarar, nemi shi. Ka kuma duba ko bakin famfonka yana kama siririn, don ba kowanne ke yi ba. Mai_Feda, kai wane iri ne a naka? In Presta ne kuma gargaren mai zurfi, duba tsawon bawul kafin ka sayi tub.